Yadda ake neman shawarar masani ta waya idan tunani ya yi wa mutum yawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. A 2023 lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin watan Yuli a Nijar, ni ina cikin waɗanda abin ya taɓa kai tsaye, don abincina a hanyar Ɗan Issa zuwa Jibiya yake. Kaya sun tsaya, bashin mutane na kaina, Najeriya ta yanke kuran, ga gida mutum goma sha ɗaya kowa ni yake kallo. Sai barci ya ƙaurace min, ƙarfe biyun dare in farka ƙirjina kamar an aza bulo, zuciya na dukan uku-uku, da safe yaro ya ce baba kuɗin lakwal sai in hau shi da faɗa kamar shi ya rufe iyakar. Sau biyu ina tahiya likita ina cewa zuciyata ce, aka auna jini aka ce lahiya lau. Wata ma'aikaciyar jinya ce dattijuwa, Allah Ya saka mata, ta dube ni ta ce "Alhaji, tunani ne ke cin ka, ka samu wanda za ka yi magana da shi." Daga nan na fara zama da wani masanin halayyar ɗan adam ta waya, shi yana Yamai ni ina Maraɗi, har yau ban taɓa ganin shi ido da ido ba. To tunda mutane da dama sun tambaye ni yadda na yi, ga shi dalla-dalla.

Abu na farko, ka tantance ko abin naka ya kai. Damuwa kowa na yi, ba duk ɓacin rai ke bukatar masani ba. Abin lura shi ne daɗewa da kuma ɓarnar da yake yi maka. In ka kai sati biyu ko fiye kusan kullum ranka a ɓace, abin da kake jin daɗinshi da yanzu ba ya burge ka, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, ka daina zuwa fada ko biki, ko kuma fargaba ta hana ki sakat kullum kina jiran mugun labari daga maigida da ya tahi Libiya ko Aljeriya ko wajen haƙar zinariya a Jado, to ya kai. Haka sabon yanayi: amarya da aka kai gidan da ba ta san kowa ba, uwargida da aka yi wa kishiya, mai jego, mai takaba cikin wata huɗu da kwana gomanta, wanda ya yi ritaya ya tashi da safe babu inda za shi, ɗalibin da ya gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo shekara uku ba aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da ciwon fargaba a duniya, miliyan 280 kuma da ciwon baƙin ciki mai tsanani, kuma a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na shiga irin wanga hali bayan haihuwa. Wato mai jegon nan da ake cewa ta cika shiru ko ta cika kuka, ƙila ba halinta ba ne.

Kafin ka nemi kowa a waya, fara zuwa likita a duba jikinka. Wannan kar ka tsallake shi. Hawan jini, ƙarancin jini, ciwon suga, ciwon maƙoƙo, duk suna iya kawo bugun zuciya da kasala da rawar jiki, kuma wanda ke Yamai ba zai iya auna ka ta waya ba. Ka gaya wa likitan gaskiyar abin da kake sha, har shayi. Ni a lokacin ina shan na fari da na biyu da na uku bayan isha'i, ga goro ga neskafe da safe, sannan ina mamakin rashin barci. In kana shan taramol ko ƴan ƙwayoyin barcin nan na masu tebur, faɗa, kuma kar ka yanke su rana ɗaya da kanka in ka daɗe kana sha, irin su diyazefam yanke su farat ɗaya na iya kawo farfaɗiya, likita ne zai rage maka sannu-sannu.

Sai neman mutumin, kuma nan ne aikin yake. Masu wannan aiki kala-kala ne, ya kamata ka san bambancinsu. Akwai likitan ƙwaƙwalwa wanda da Faransanci ake ce wa sikiyatir, shi cikakken likita ne, yana rubuta magani. Akwai sikolog, masanin halayyar ɗan adam, shi da magana yake aiki, ba ya rubuta magani. Akwai kuma ma'aikatan jinya da suka yi karatu na musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwa, su ne aka fi samu a jihohi. Hanya mafi tsabta ita ce ka tambaya a likita, ko a CSI, wato ƙaramar likita ta unguwarku, ko babbar likitar jiha, ka ce kana son a haɗa ka da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, sannan shi ka tambaye shi ko yana yin zama ta waya ko ya san abokin aikinshi mai yi. Na san mutanenmu da an ce lafiyar ƙwaƙwalwa sai hankalinsu ya tahi Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babbar likitar Yamai, su ce ai ni ban haukace ba. Wallahi mafi yawan masu zuwa wajen sikolog mutane ne masu sana'arsu da iyalinsu, kana gaisawa da su kullum a kasuwa.

In a Facebook ko TikTok ka ga mutum yana tallar kanshi, to a yi hattara. Ka tambaye shi cikakken sunanshi, ina ya yi karatu, wace likita ko ƙungiya yake aiki da ita, kuma ka bincika, ko da ta hanyar wani ɗan uwa da ke garin. Masanin gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya ce zai warkar da kai cikin kwana uku, ko ya fara tallata maka wani garin magani ko kwalba, ko ya ce ki turo hotonki, ko ya nemi lambobi shida ɗin nan da WhatsApp ke turowa ta saƙo, rufe shi nan take, wanga na ƙarshe ma ɓarawon asusu ne. Ƴan uwa mata, kuna da damar ku ce mace kuke so, kuma in namiji ne ya fara kiran ki da dare yana wata hira da ba ta aikin ba, kin gama da shi, ko da takardunshi sun cika.

Maganar harshe kuma kar a raina ta. Da Faransanci na fara, don ina ganin kamar haka ake yi, sai na ga ina ta kewaye-kewaye, ranar da na ce mishi mu koma Hausa na ce "zuciyata ce ta ƙuntata, ina jin kunyar haɗa ido da matata," ranar aka fara aiki. Nemi mai jin Hausa. Akwai su a Katsina da Kano da Sakkwato ma, kuma agogonmu ɗaya da Najeriya, sai dai ka tuna biyan kuɗi zai zama da naira, kuma in abin ya kai ga magani gara a rubuta maka shi nan gida inda za a riƙa ganin ka. In wanda ka samu yana Faransa ne, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa guda, a daidaita kar a saɓa.

Kiran farko gajere ne, na tambayoyi. Ka tambayi kuɗin zama guda, minti nawa ne (galibi 45 zuwa awa guda), sau nawa a wata, ta ina za ka biya, Airtel Money ko Nita ko Amana ko me, kuma me zai faru in rezo ya yanke tsakiyar magana. Kar ka biya kuɗin zama goma gaba ɗaya ga wanda ba ka gwada ba, biya ɗaya-ɗaya. In kuɗin ya fi ƙarfinka faɗa mishi kai tsaye, wasu na ragewa, wasu za su nuna maka ƙungiyoyin agaji da ke yin wanga aiki kyauta, musamman wajen ƴan gudun hijira da matan da aka ci zarafinsu. Sai babbar tambaya, ta sirri: wa zai ji abin da na faɗa? Amsar da ta dace ita ce babu kowa, sai fa in ranka ko ran wani na cikin haɗari, ko ana cutar da yaro. In ya ce zai naɗi muryarka, sai da izininka, kuma kana iya ƙi.

Yanzu wurin zama, abin da ya fi ba ni wahala kenan, don gidajenmu ba a gina su don sirri ba. Ɗaki a buɗe, labule kawai, yara na shiga suna fita, inna na tsakar gida tana jin tarin kowa. Ni abin da na yi, ranar Talata bayan azahar lokacin da rana ta kori kowa, sai in ja ƙofar shago in bar ƴar kafa don iska, in zauna kan buhun shinkafa da abin kunne, in gaya wa yarona duk wanda ya zo a ce ina lissafi. Wata ƙanwata kuma da ta yi nata daga baya, ɗakin yayarmu take zuwa a unguwar Zariya, yayar ta zauna bakin ƙofa tana tsintar wake tana tare mata yara. Kowa ya duba nashi: cikin mota, aji bayan an tashi lakwal, gona. Ka sayi abin kunne ko na jaka guda ne, don muryar masanin kar ta fita. Ka cika batir tun da safe tunda kuran ba shi da tabbas, balle watan Afrilu da Mayu. Ka sa forfe isasshe, kuma in rezo ba ƙarfi a bar bidiyo a yi murya kawai, ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, ni ma na fi sakin jiki in ba a kallon fuskata. Ku yi alkawari tun farko in intanet ta yanke wa zai kira wani ta layi.

Wayar kanta a tsare ta. Kiran WhatsApp da saƙonninshi a rufe suke tsakanin ku biyu tun 2016, matsalar tana hannun wanda zai ɗauki wayarka. Sa lambar sirri wadda yara ba su sani ba, akwai wurin kulle hira guda, akwai kuma saƙo mai gogewa da kanshi bayan awa 24 ko kwana 7 ko 90. In wayar ta gida ce kowa na taɓawa, to a bar rubutu, a yi kira kawai. Matar aure kuwa, shawarata in dai babu tsoro tsakaninku ki sanar da maigida tun farko, ki ce likita ce ta ba da shawara, don kar ya ga baƙuwar lamba zargi ya shigo ya ƙara miki wata damuwar. Mu maza kuma mu ji tsoron Allah mu bar su su nemi lahiya. Amma in shi maigidan ne ke dukan ki ko yana yi miki barazana, kar ki gaya mishi, ki yi daga wayar wata da kika yarda da ita, kuma ki gaya wa masanin wannan a zaman farko.

Ana gobe zaman farko, ɗauki takarda ka rubuta abu uku da suka fi damun ka, yaushe suka fara, me ka riga ka gwada. In ba ka rubutu, riƙe su a ka. Zai yi maka tambayoyi da yawa, wasu za su yi maka nauyi: barcinka, cin abincinka, zamanka da iyali, har ya tambaye ka ko ka taɓa jin gara ka mutu. Kowa ake yi wa ita, kar ka ji an raina imaninka. Akwai wasu jerin tambayoyi da suke amfani da su, ɗaya mai tambaya 9 kan baƙin ciki, ɗaya mai 7 kan fargaba, duka kan sati biyun da suka wuce, ana maimaita su daga baya don a ga ko ana samun sauƙi. Abin da zan roƙe ka shi ne ka aje "lahiya lau" da "sai godiya" a bakin ƙofa. Mun saba da su, kuma godiya ga Allah wajibi ce, amma ka biya kuɗi ka sayi forfe ka rufe shago, in ka ɓoye rabin maganar kanka ka cuta. Ni sai a zama na uku na iya faɗin adadin bashin da ke kaina, kuma na yi kuka, mutumin ya yi shiru ya bar ni har na gama bai ce min in yi haƙuri ba, bai ce wane ma ya fi ni shiga uku ba. Ban san ina bukatar wannan shirun ba sai ranar.

Kar ka sa ran zai ce maka saki matarka ko ki koma gidanku ko ka sayar da fili. Aikinshi ya taimake ka ka ga abin sarai ka yanke da kanka. Kuma yawancin aikin tsakanin zama da zama ake yin shi. Abin da ya fara koya min numfashi ne: ka zauna, hannu kan ciki, ka ja iska ta hanci a hankali har cikin ya taso, ka sake ta a hankali fiye da yadda ka ja, minti biyu zuwa biyar, kullum, ba sai fargaba ta zo ba. Na haɗa nawa da bayan sallar asuba da bayan isha'i don kar in manta. Da farko na raina shi, sati biyu na ga bambanci a barcina.

Na biyu, warware matsala ɗaya-ɗaya. Ka zayyano duk abin da ke kanka, ka raba wanda ke hannunka da wanda ba ya hannunka. Buɗe iyaka ba ya hannuna. Zuwa wajen mutum huɗun da ke bi na bashi in gaya musu gaskiya in nemi a tsara biya, wannan yana hannuna, kuma wata biyu ina gudun shi, har hanya nake canzawa. Muka zaɓi mafi sauƙi cikinsu, muka tsara ranar da zan je da abin da zan faɗa, Talata mai zuwa ya tambaye ni yaya aka yi. Na uku, ka koma yin ƙananan abubuwan da ka bari ko da ba ka jin yi, tahiya da ƙafa zuwa masallaci, zama fada minti talatin, ki koma taron asusunku. Mu a nan ma muna da gadon wannan, ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara su a 1991 kafin su bazu Afirka, kuma duk macen da ke ciki ta san ba kuɗin kaɗai ke kai ta ba. Waɗannan dabaru suna cikin wani tsari na Hukumar Lafiya ta Duniya mai zama 5, sati-sati. A Zimbabuwe ma wani likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata irin wannan, suna zama kan benci a harabar likita suna sauraren mutane, kuma sunan ciwon a harshensu na Shona ma'anarshi yawan tunani, daidai yadda muke faɗa.

In matsalar ta gida ce tsakanin mutum biyu, ana iya shigo da ɗayan, amma ba a zaman farko ba, kuma ba da dabara ba. Ka fara naka, in an yi nisa ku shawarta da masanin yadda za a gayyace ta. Ni na ce wa uwargida, "Hajiya, mutumin nan da ke taimaka min yana son ya ji daga bakinki yadda kike ganin halina, ba ƙara na kai ki ba." Muka sa waya a tsakiya kan tabarma bayan yara sun yi barci, sharaɗin shi ne in ɗaya na magana ɗaya ba ya katsewa. A nan na ji cewa ita duk watannin nan tana zaton aure nake nema shi ya sa na daina yi mata magana. In akwai duka a gidan, ba a yin zaman haɗin gwiwa, kowa nashi daban. Surukai da iyaye kuwa, sau da yawa abin da za ka koya shi ne yadda za ka faɗi maganarka cikin ladabi, ko wane kawu ko gwaggo za ka sa a gaba, ba sai an sa su a waya ba.

Wasu za su ce maka ai addu'a ta isa. Ban bar addu'a ba ko rana ɗaya, kuma masanin bai taɓa cewa in bari ba. Manzon Allah (SAW) da kanshi yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiran ta shekarar baƙin ciki. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Ka yi azkar ɗinka, ka je wajen malaminka, ka kuma riƙe ranar zamanka.

Bayan zama huɗu ko biyar ka tsaya ka auna: barci ya gyaru? faɗa da yara ya ragu? ka koma kasuwa? In babu abin da ya motsa, ko kana jin mutumin ba ya sauraren ka, ko wa'azi kawai yake maka, faɗa mishi, in bai canza ba nemi wani, ba laifi ba ne. In ya ce yana ganin kana bukatar magani ya tura ka wajen likitan ƙwaƙwalwa, je ka. Magungunan baƙin ciki sukan ɗauki sati biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ji aikinsu, kuma ba a barin su don an ji sauƙi sai da shawarar wanda ya rubuta.

Akwai kuma inda waya ba ta isa ba sam, wannan ku riƙe shi da kyau ko don wani naku. In mutum ya fara maganar kashe kanshi ko ya tanadi abin da zai yi da shi, in yana jin muryoyi ko yana ganin abin da babu, in ya kwana uku ba barci yana ta surutu, in mai jego ta rikice tana cewa za ta cutar da jaririn ko ba nata ba ne, in an sha guba ko ƙwayoyi da yawa, ba a jiran ranar Talata. Kar a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin ƙwari na gona da fiya-fiya da wuƙa da igiya da ƙwayoyi daga ɗakin, kar a ɗaure shi kar a doke shi, a sa shi a mota ko adaidaita a kai shi urjans, wato sashen gaggawa na babbar likita, a daren, mutum biyu su raka shi. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17. Tun a zaman farko ma ka ba masanin lambar mutum ɗaya da ka yarda da shi a nan Maraɗi da sunan unguwarku, don in wani abu ya taso yana can nesa ya san wanda zai kira.